RIBA DA RIBA: Darasi Daga Rayuwar Shaihu Salih Kamil na Jidda



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda Ya hore mana ƙasa da abin da ke cikinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa maza da mata, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da wani ɗalibina ya yi mini a aji. Muna cikin karatun sarfu sai ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, kullum a wa'azi ana ce mana riba haramun ce. Kuma kullum in Umma ta dawo daga kasuwa sai na ji ta ce alhamdu lillahi yau an ci riba. To wacce ce wacce?" Aji ya fashe da dariya. Ni dai ban yi dariya ba, domin na san da yawa daga cikin masu dariyar, da ni na juyo da tambayar kansu, da sun yi shiru.

Amsar a wajen mai karatun Larabci ba ta da wuya. Kalmomi biyu ne daban, bakinmu ne ya haɗe su. Ta farko ita ce "ribhu", tushenta ra da ba da ha, ma'anarta abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa bayan ya saya ya sayar. Da ta shigo Hausa sai harafin ha ya faɗi, muka ce riba. Ta biyu ita ce "riba" ta ainihi, tushenta ra da ba da wau, daga aikatau mai nufin abu ya ƙaru ko ya kumbura. Daga wannan tushe ne aka samo "rabwa", wato tudu, har ma da "tarbiyya" da muke faɗa kullum. Wannan ta biyu ita ce kuɗin ruwa, ƙarin da mai ba da bashi yake ɗorawa a kan bashi saboda jinkirin lokaci kawai, kuma ita ce wadda ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, daga ta 275 zuwa ta 279, suka yi tsananin hani a kanta. Domin kada mu ruɗe, a cikin wannan darasi zan riƙa kiran ta farko ribar ciniki, ta biyu kuma kuɗin ruwa.

A kan allo raba su abu ne mai sauƙi. A cikin kasuwar zamani kuwa, inda akwai banki da inshora da kamfani, raba su aiki ne da ya cinye rayuwar mutane. Ɗaya daga cikin waɗannan mutane shi ne attajirin Jidda, Shaihu Salih Abdullahi Kamil, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi sama da shekara hamsin a harkar kasuwanci, ya taɓa sana'o'i iri-iri, kuma ya faɗi wata magana a kan aikin hannunsa wadda ya kamata kowane matashi Musulmi ya ji ta.

GARINSA DA TASOWARSA

Duk alhajin da ya tashi daga Ankara ko Tamale ko Kano ya san Jidda, ko a zuwa ko a dawowa. Ita ce ƙofar Makka ta teku tun zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, wanda ya mai da ita tashar jiragen ruwa ta Makka a shekara ta 26 bayan hijira. Saboda haka ta tashi garin fatake: mutanen Halaramautu da Indiya da Masar da Jawa, har da namu mutanen da ake kira Takari, duk sun zauna a cikinta. Majalisar 'yan kasuwarta, wadda aka kafa a 1946, ita ce ta farko a ƙasar Saudiyya, kuma Shaihu Salih ya shugabance ta a ƙarshen rayuwarsa.

An haife shi a 1941 a ƙasar Hijaz. Danginsa mutanen Makka ne masu aikin "ɗiwafa", wato hidimar alhazai, saukar da su da yi musu jagora a wuraren ibada. Mai wannan aiki shi ne muɗawwifi, kalmar da iyayenmu alhazai suka sani sarai. Mahaifinsa kuwa babban ma'aikaci ne a ofishin majalisar ministoci. Ke nan ba ɗan talaka ba ne, kuma bai kamata mu ɓoye wannan ba.

Duk da haka, shi da bakinsa ya sha ba da labari a hirarraki cewa cinikinsa na farko yana yaro shi ne gyara ƙasusuwan ƙafar rago waɗanda yaran Makka ke wasa da su, yana sayar wa abokansa, sa'an nan sayar da balila. Balila wani irin dafaffen wake ne da ake sayarwa a bakin hanya a Hijaz, kamar yadda ake sayar da ƙosai ko wake da shinkafa a bakin masallatanmu. Da ya shiga sakandare sai ya koma shigo da kayan 'yan sikawut. Da ya shiga Jami'ar Riyad, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sarki Sa'ud, sai ya riƙa buga takardun darasi yana sayar wa 'yan'uwansa ɗalibai. Ya gama da digiri a fannin kasuwanci a 1963, ya yi aikin gwamnati na wasu shekaru a Ma'aikatar Kuɗi, sa'an nan ya ajiye.

DAGA WASIƘA ZUWA FILIN JIRGI

A 1969 ya kafa kamfanin Dallah a Riyad. (Ga ɗalibai: "dallah" a bakin Larabawan can ita ce butar gahawa mai dogon baki.) Abin lura shi ne irin ayyukan da ya fara kamawa. Bai fara da banki ba, bai fara da gidan talabijin ba. Ya fara ne da kwangilar kai wasiƙu garuruwa da ƙauyuka. Daga nan makarantun koyon tuƙi, waɗanda har yau sunan Dallah ke kansu. Daga nan kwangilar kula da filayen jirgin sama tare da kamfanin Avco na Amurka. Ya kama aikin tsabtace Makka da wuraren aikin hajji, wato kwashe sharar miliyoyin mutane a Mina da Arfa. Ya kafa kamfanin motocin jigilar alhazai, kuma ba mamaki wani daga cikin iyayenmu ya shiga motar Dallah bai san mai ita ba. A 1987 aka buɗe Asibitin Dallah a Riyad. Ya shiga harkar abinci da gine-gine da wuraren shaƙatawa, kamar Durratul Arus da ke arewa da Jidda a bakin Bahar Maliya.

Dole mu yi adalci a nan. Farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi daga 1973, gwamnatin Saudiyya ta samu kuɗin da ba ta taɓa gani ba, tana neman wanda zai gina, wanda zai gyara, wanda zai share. Shaihu Salih yana nan a lokacin, ya san hanyoyin ofis, ƙofofi suna buɗe masa. Yaron Nima ko Aboabo ba shi da wannan, kuma duk wanda ya ce maka himma kaɗai ce ta kai shi, bai faɗa maka gaskiya duka ba. Amma akwai ɗaruruwan 'ya'yan manya da suka samu irin wannan dama suka tsaya a dillancin takarda, suna karɓar la'ada a kan kwangilar da wani zai yi. Shi kuwa ya kama aikin da ake ƙyama, ya iya shi, ya wuce zuwa na gaba. Ina faɗin haka ne saboda na san samari a zangonmu da za su yi shekara uku suna jiran biza a kan benci, alhali in ka ce su riƙe teburin sayar da burodi sai su ce ka raina su. Kuma in bizar ta fito, aikin da za su je su yi a Jidda ɗin, sau da yawa, shi ne shara da wankin mota.

Akwai wani aiki nasa da nake so. A bakin birnin Tunis akwai wani tafki da ruwansa ya tsaya ya ruɓe, warinsa ya dami mutanen gari. A 1983 aka kafa kamfani tsakanin gwamnatin Tunisiya da ɓangarensa, aka yashe tafkin, aka buɗe wa ruwan teku hanya, aka cike gefensa aka yi unguwa sabuwa. Ya gindaya sharaɗi cewa ba za a sayar da giya a wannan fili ba. Ga kuɗi an zuba, ga haɗari an ɗauka, ga abu an gyara wanda ido ke gani. Wannan ita ce ribar ciniki a surarta mafi kyau. Ku riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

BANKIN DA BABU KUƊIN RUWA

Abin da aka fi saninsa da shi dai shi ne bankin Musulunci. Ba shi ne ya fara ba. A 1963 Dakta Ahmad an-Najjar ya gwada wani asusun ajiya marar ruwa a garin Mit Gamr na Masar, a shekarar kuma aka kafa asusun alhazai na Maleshiya. A 1975 aka buɗe Bankin Musulunci na Dubai, aka kuma buɗe Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda hedikwatarsa ke Jidda. Yarima Muhammad al-Faisal ya kafa bankunan Faisal a Masar da Sudan a 1977, ya kafa Darul Malil Islami a 1981, kuma ta hannun wannan kamfani ne aka buɗe bankunan Musulunci a Nijar da Senegal da Gini a 1983.

Shaihu Salih ya sa hannu a Bankin Musulunci na Jodan da aka kafa a 1978. A 1982 ya kafa kamfanin Al Baraka a Jidda, daga nan rassa suka bazu: Tunisiya a 1983, Sudan a 1984, Turkiyya a tsakiyar shekarun 1980, Afirka ta Kudu a 1989, Aljeriya a 1991, da sauransu. Ba kowane wuri ya yi nasara ba. Bankinsa na Landan ya mayar da lasisinsa a 1993, bayan Babban Bankin Ingila ya tsaurara dokokin mallakar banki sakamakon rushewar bankin BCCI a 1991. A 2002 aka tara bankunan a ƙarƙashin uwa ɗaya a Baharen. Ya kuma assasa taron Al Baraka kan tattalin arzikin Musulunci tun farkon shekarun 1980, inda ake zaunar da malaman fiƙihu da ma'aikatan banki wuri ɗaya, wannan ya kawo matsala, wancan ya duba hukunci. Akwai cibiyar nazarin tattalin arzikin Musulunci mai ɗauke da sunansa a Jami'ar Azhar.

To yaya banki zai rayu in ba ya karɓar kuɗin ruwa? Masu tunanin farko sun ce da hanyoyi biyu. Ta ɗaya musharaka, wato haɗin jari: ni da kai mu zuba kuɗi, ribar ciniki mu raba yadda muka yi yarjejeniya, hasara kuma kowa gwargwadon jarinsa. Ta biyu mudaraba, wadda mu Malikawa muke kira ƙiradi, kuma duk wanda ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya gamu da ita.

Ga misali da kuɗinmu. Hajiya ta ba wani saurayi sidi 40,000 ya yi fataucin albasa daga Boku zuwa Kumasi, a kan cewa abin da aka samu a raba biyu. Ya je ya dawo, bayan an fitar da kuɗin mota da ɗawainiya an samu 10,000. Hajiya ta ɗauki uwar kuɗinta da 5,000, shi ya ɗauki 5,000. In kuwa ruwa ya doki kayan a hanya, albasa ta ruɓe, ba da sakacinsa ba, aka dawo da 30,000 kawai, to hasarar 10,000 ta Hajiya ce, shi kuma ya yi hasarar guminsa. Ba ta da ikon cewa sai ya cika mata. Kuma tun farko ba ta da ikon cewa "ko an samu ko ba a samu ba, ka ba ni 5,000". Da zarar ta faɗi haka, ƙiradi ya ɓaci, an koma bashi mai ruwa. Asalin hukuncin ke nan: mai kuɗi yana cin ribar ciniki ne saboda kuɗinsa na cikin haɗari.

Da aka zo aiki sai bankuna suka tarar wannan hanya tana da wuya. Hajiya ta san yaron, ta san uwarsa, ta san masallacin da yake salla. Banki bai san kowa ba. In ɗan kasuwa ya ci riba ya zo ya ce ya faɗi, wa zai tona? Ga kuma masu ajiya, waɗanda ba sa so su ji cewa kuɗinsu ya ragu. Ga babban bankin ƙasa, wanda dokokinsa duk an gina su ne a kan bashi da ruwa. Saboda haka sai aka karkata zuwa hanya ta uku, wato murabaha.

MURABAHA

Ku dubi tushen kalmar: ra da ba da ha, a ma'aunin mufa'ala. Daga ribar ciniki ta fito, ba daga kuɗin ruwa ba. A littattafan fiƙihu na da, murabaha ita ce mai kaya ya faɗa wa mai saye nawa ya sayo kayan, sa'an nan ya faɗi abin da ya ɗora. Malamanmu Malikawa sun halatta ta, ko da yake sun fi son cinikin tayi da sallamawa, saboda murabaha ta rataya ne a kan gaskiyar mai sayarwa a cikin kowane ƙwabo da ya lissafa. Wanda ya ɗauko ta ya daidaita ta da aikin banki shi ne Dakta Sami Hamud, mutumin Jodan, a cikin kundin digirinsa na 1976.

Ga yadda take. Kana son keke mai ƙafa uku na haya, kuɗinsa sidi 40,000, ba ka da su. Banki mai ruwa zai ba ka 40,000 ka biya 48,000 a shekara. Bankin Musulunci zai sayi keken da kansa a kan 40,000, ya sayar maka a kan 48,000, ka riƙa biyan 4,000 duk wata har wata 12. Ɗalibin nan nawa da ya ji haka sai ya ce: "Malam, ai duk kanwar ja ce." Ba haka ba ne, amma ban ga laifinsa ba. Bambancin yana wurare uku. Na farko, dole banki ya mallaki keken ya karɓe shi kafin ya sayar maka. Na biyu, in keken ya ƙone ko aka sace shi kafin ya miƙa maka, hasarar banki ce, haka in aka tarar da aibi ɓoyayye. Na uku, in an ƙulla ciniki a kan 48,000 to ya tsaya nan, ko ka makara wajen biya bashin ba zai haihu ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda mazauninta ke Jidda, ta halatta wannan ciniki a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, bisa sharaɗin mallaka da karɓa da ɗaukar haɗari.

Matsalar ita ce waɗannan sharuɗɗa suna iya zama tawada a kan takarda kawai. Banki ya wakilta kai mai saye ka je ka sayo wa kanka, ya mallaki keken na minti biyar, ya lissafa abin da zai ɗora ta hanyar duba farashin ruwa na kasuwa, shi ke nan. Daga baya ma aka zo da abin da ake kira tawarruƙ tsararre: kai kuɗi kake so ba kaya ba, sai banki ya sayar maka da ƙarfe ko wani kaya da ba ka taɓa gani ba a kan bashi, nan take ya sayar maka da shi ga wani a kan kuɗi hannu ƙasa da haka, ka tashi da kuɗi a aljihu da bashin da ya fi su. Majalisar Fiƙihun nan ta haramta wannan a zamanta na Sharja a 2009.

MAGANAR DA YA FAƊA

A nan ne Shaihu Salih ya bambanta da sauran attajirai. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ba shi lambar yabo saboda hidimarsa ga harkar bankin Musulunci, kuma a 1997 ya gabatar da lacca a kan haka a Jidda. Wuri ne da mutum zai tsaya ya lissafa nasarorinsa a tafa masa. Maimakon haka sai ya soki tafiyar da shi kansa yana cikin jagororinta. Taƙaitaccen abin da ya faɗa shi ne: sun aro sunan banki, kuma tare da sunan sun aro tunaninsa, wato tsayawa tsakanin mai ajiya da mai neman kuɗi ba tare da shiga haɗari ba, hanyoyin da suka fi amfani da su sun zama gauraye tsakanin bashi da zuba jari, suna ɗauke da yawancin siffofin bashi mai ruwa, kuma da zai sake farawa, ba zai zaɓi banki a matsayin mazubin koyarwar Musulunci a fagen tattalin arziki ba, zai nemi wani tsari dabam. Ya ci gaba da maimaita irin wannan suka a taruka har ƙarshen rayuwarsa, yana kira a koma ga raya ƙasa da samar wa mutane aiki, da tsara zakka.

Wani zai ce, to me ya hana shi rufe bankunan? Tambaya ce mai kyau. Ni abin da na fahimta shi ne bai ce murabaha haramun ce ba, kuma malamai ba su ce haka ba in an cika sharuɗɗanta. Abin da ya ce shi ne an tsaya a kanta an bar abin da aka fito nema. Ku tuna tafkin Tunis. Mutumin da ya ga yadda kuɗi ke mai da ruɓaɓɓen ruwa unguwa, ya ga yadda kwangilar wasiƙa ke ciyar da ɗaruruwan direbobi, shi ne zai fi kowa jin zafin ganin biliyoyin kuɗin Musulmi suna zagaye a cikin takardun sayen ƙarfen da ba wanda zai yi gini da shi. Ina ganin da ya fara da banki, da bai ga wannan aibi ba.

INDA AKA YI MASA MAGANA

Ba waliyyi muke ba da tarihinsa ba, ɗan kasuwa ne, kuma akwai inda aka soke shi. Yana cikin waɗanda suka kafa tashar MBC a Landan a 1991, sa'an nan ya fita ya kafa ART a 1993 tare da Yarima al-Walid ɗan Ɗalal. A 1998 ya buɗe tashar Iqraa, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko a tashoshin addini na Larabci a tauraron ɗan Adam, kuma mu masu koyon Larabci mun amfana da ita. Amma a gida ɗaya da Iqraa akwai tashoshin fina-finai da kaɗe-kaɗe, kuma mutane da yawa sun kasa gane yadda za a haɗa biyun. Ni ma ina cikinsu. Sa'an nan a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2006, wadda ita ce zuwan Gana na farko, mu nan an kalla a gidan talabijin na ƙasa, amma a ƙasashen Larabawa ART ce ta sayi haƙƙin nunawa ta kulle, sai mai kati. Talakawa sun yi fushi ƙwarai. A 2009 ya sayar da tashoshin wasanni ga Al Jazeera.

A watan Nuwamba 2017 jaridu sun ambaci sunansa cikin 'yan sarauta da attajiran da gwamnatin Saudiyya ta tsare a otal ɗin Ritz-Carlton na Riyad da sunan yaƙi da cin hanci. Daga baya aka sake shi, ba a gurfanar da shi gaban wata kotu a bainar jama'a ba. Ya rasu a Jidda ranar 18 ga Mayu 2020, cikin goman ƙarshe na Ramadan 1441, ana tsakiyar annobar korona, aka binne shi a Makka. Allah Ya gafarta masa kurakuransa.

MU KUMA FA?

Abin da bankunan nan suka nema suka rasa, wato amanar da za ta sa mai kuɗi ya yarda ya shiga haɗari tare da mai aiki, shi ne abin da aka gina zango a kansa. Fataken goro da na shanu ba su san banki ba. Maigida ne ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a kan bashi, ya ba yaransa jari su tafi su dawo a yi lissafi. Alhasan Ɗantata, mutumin Bebeji, ya zo Ankara yana saurayi wajen mahaifiyarsa, daga baya ya riƙa ɗaukar goro daga Kumasi yana bi da shi ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya isa Kano ya koma sayen gyaɗa, kuma da irin wannan tsari na ba yara jari ya yi ƙarfin da a 1929 ya kai azurfa kayan raƙumi 20 banki a Kano. Har yau adashin iyayenmu mata, wanda a nan ake kira susu, yana tafiya ba takarda ba ruwa.

A Nijeriya an samu bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, aka samu TAJBank a 2019 da Lotus a 2021. Duk inda irin wannan banki ya iso gare mu, alheri ne, kuma ya fi bashin wayar hannu da samarinmu ke ci da dare, ruwa na hawa kansa kafin gari ya waye. Amma kada allon da aka rubuta "Musulunci" ya hana ka tambaya. Ka tambayi ma'aikacin: kayan nan naku ne kafin ku sayar mini? In ya lalace kafin ya iso hannuna, hasarar wa? In na makara, me za a ƙara, kuma ina ƙarin zai tafi? An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya hana wanda bai san fiƙihun ciniki ba zama a kasuwa. Mu kuwa da yawanmu a Risala mun tsaya a babin azumi da hajji, muka naɗe littafi.

Aikin gida kafin haduwarmu ta gaba: kowa ya nemi dattijo ɗaya a unguwarsu wanda ya yi fataucin goro ko shanu ko albasa, namiji ko mace, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi wa ya fara ba shi jari, yaya suka raba abin da aka samu, kuma me aka yi a shekarar da aka faɗi. A rubuto amsar a kawo, mu auna ta da sharuɗɗan ƙiradi da ke cikin Risala. Masu littafin su zo da shi.